Dakta Bukar da Jariran Fadamar Haɗeja

Ranar awo ce. Ina sunkuye a kan wata mai ciki ina sauraren bugun zuciyar ɗanta, sai na hangi Malam Audu, direban motar asibitinmu, yana tsaye a bakin ƙofa. Shekara da shekaru muna aiki tare, ban taɓa ganin ya tako ɓangaren mata ba. In yana da saƙo sai ya ba mai shara ta kawo. Da na ga ya zo da kansa, na san ba lafiya ba tun bai buɗe baki ba.

"Sista Saratu," in ji shi, "sai haƙuri. Allah ya yi wa Dakta Bukar rasuwa yau da safe. Bayan azahar za a kai shi."

Ni Kirista ce, amma na daɗe a garin nan, sai na ji bakina yana faɗin abin da maƙwabtana Musulmi ke faɗa in an yi mutuwa, cewa daga Allah muke kuma gare shi za mu koma. Na ce wa Malam Audu na ji. Na koma ciki, domin mata sun cika benci, wasu tun da sassafe suka taso daga ƙauyuka. Na auna su ɗaya bayan ɗaya har na sallami ta ƙarshe. Sai na rufe ƙofa, na zauna a kan kujerar da yakan zauna in ya leƙo mu, na rasa wanda zan gaya wa. Ma'aikatan da ke tare da ni yanzu duk sababbi ne, sunansa kawai suka sani. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na zo Haɗeja a farkon shekarun tamanin daga kudancin Kaduna, lokacin garin yana cikin Jihar Kano. Mijina malamin makaranta ne, aiki ya kawo shi, ni kuma na biyo shi da takardar unguwarzoma. Bai daɗe ba Allah ya ɗauke shi. 'Yan'uwa suka ce in dawo gida, na tura musu yaranmu su yi karatu, ni na zauna saboda aiki. Dakta Bukar kuwa, likitan asibitinmu, iyayensa daga wajen Tafkin Chadi suke, fataucin bandar kifi ya kawo mahaifinsa Haɗeja. Shi Dakta dogo ne, siriri, mai magana a hankali. In ya gaji, harshen Barebari yakan leƙo cikin Hausarsa.

Ban fi wata biyu da kama aiki ba wata mata ta haifi ɗa a hannuna, ƙoƙon kansa bai rufe ba. Ya yi numfashi kaɗan ya cika. A lokacin abin da muka saba shi ne a naɗe irin wannan jariri da sauri a miƙa wa dangi, kada uwa ta gani, kada kowa ya ƙara tada maganar. Ina cikin naɗewa Dakta Bukar ya shigo. Ya ce, "Sista, dakata." Ya buɗe zanen a hankali, ya dubi yaron tun daga kai har tafin ƙafa, ya ƙirga yatsunsa, ya zaro wani littafi daga aljihun rigarsa ya zana abin da ya gani. Sannan ya mayar da zanen da hannunsa, ya ja kujera kusa da gadon uwar.

"Baiwar Allah, sannu," in ji shi. "Namiji kika haifa, Allah ya karɓi abinsa. Kina so ki gan shi?"

Matar ta gyaɗa kai. Ya rufe kan yaron, ya nuna mata fuskarsa da hannayensa. Ta kama ɗan yatsansa ta riƙe. Da muka fito na ce masa ni dai ba haka aka koya mini ba. Ya ce, "Wata tara ta ɗauke shi, Sista. In ba ta gan shi ba, abin da za ta riƙa gani a zuciyarta ya fi wannan muni."

Daga ranar na zama abokiyar aikinsa a binciken da ya ba rayuwarsa. Yana so ya san yadda ake haihuwar jarirai da tawayar halitta a ƙasar fadama, wace iri ce ta fi yawa, a wane yanki, kuma ko akwai abin da ya haɗa iyayensu. Babu wanda ya sa shi. Aikinsa na asibiti yana nan, marasa lafiya suna jiransa kullum, binciken kuwa a ranakun hutunsa yake yi.

Duk jaririn da aka haifa da wani bambanci a jiki, sai an kira shi. Mai tsagaggen leɓe, mai ƙafa a lanƙwashe, mai ƙulli mai ruwa a gadon baya, wanda kansa ke girma fiye da jikinsa, wanda aka haifa babu mafitar bayan gida, wanda leɓɓansa ke yin shuɗi in ya yi kuka. Har mai cindo ba ya wucewa, ko da yake mutane dariya suke yi in ya tsaya zana ɗan yatsa na shida. Shi zai duba jariri ya zana, ni kuma in zauna da uwa in yi mata tambayoyin da ba za ta amsa wa namiji ba. Haihuwarki ta nawa? Kin taɓa ɓari? Ke da mijinki 'yan'uwa ne? Me kika fi ci da cikin yana ƙarami? Kin sha wani magani, na asibiti ko na gida? Kin yi zazzaɓi? Kin shiga gonar shinkafa bayan an yi feshi?

Yana da doka ɗaya da yakan maimaita mini har na haddace: "Ki rubuta abin da idonki ya gani da abin da kunnenki ya ji. Abin da kike zato, ki bar shi a cikinki." Wata rana na rubuta cewa wata uwa ta sha jiƙo da yawa. Ya dawo mini da takardar ya ce, "Ita ta ce da yawa, ko ke kika ce?" Na ce ni ce. Ya miƙo mini abin gogewa.

Da tafiya ta yi tafiya, ya lura cewa waɗanda ke zuwa asibiti kaɗan ne daga cikin waɗanda ake haifa. Mafi yawan mata a gida suke haihuwa, kuma irin waɗannan jarirai ɓoye su ake yi. Sai ya fara shiga ƙauyuka. Malam Audu zai kai mu iyakar inda mota ke zuwa, daga nan mu hau kwalekwale in ruwa ya cika fadama, in rani ne mu taka da ƙafa tsakanin gonakin alkama. Ya san tsofaffin unguwarzoma na ƙauyukan Guri da sunayensu, har wajen Jahun mun je. Yakan durƙusa ya gaishe su kamar iyayensa. Da farko sun ɗauka tonon asiri ya zo yi. Da suka ga ba ya kai maganar kowa ko'ina, su da kansu suka fara aiko masa.

Haka wata tsohuwa ta aiko mana daga wani ɗan ƙauyen masunta a bayan Guri, ta ce mu zo da sauri. Damina ce, ruwa ya shafe hanya. Mun daɗe a cikin kwalekwale muna ratsa ciyawa kafin mu isa. Muka tarar da wata matashiya, Hauwa, a wani ɗaki can ƙarshen gida, ita kaɗai da jaririyarta. Kwana goma ke nan da haihuwa. Leɓen yarinyar na sama a tsage yake har cikin hanci, gandarta ma a buɗe. In ta kama nono sai ya fito ta hanci. Ta rame, kukanta ma da ƙyar ake ji.

Ba a yi suna ba. Babu wadda ta shigo barka. Magana ta bazu a ƙauyen cewa Hauwa ta yi wanka a bakin kogi da almuru tana da ciki, aka musanya mata ɗa, abin da ta haifa 'yar ruwa ce. Wasu har sun fara cewa a kai ta bakin ruwa a ajiye, masu ita su zo su ɗauka.

Dakta Bukar ya cire takalmansa ya shiga ɗakin, ya ce a ba shi yarinyar. Ya ɗora ta a cinyarsa ya tambayi Hauwa, "Yaya sunanta?"

Hauwa ta sunkuyar da kai. "Ba ta da suna, Malam Likita."

"To ke me kike kiranta in ku biyu ne?"

Ta ce a hankali, "Ina ce mata Ummi."

"To sannu, Ummi," in ji shi.

Ya sa na nuna wa Hauwa yadda za ta tatse nononta a kofi mai tsabta. Ya zaunar da jaririyar a miƙe a jikinsa, ya ɗauki ƙaramin cokali yana ɗiga mata a gefen baki, kaɗan kaɗan, yana jira ta haɗiye. Mun fi awa guda a haka. Da yarinyar ta ƙoshi ta yi barci, Hauwa ta fashe da kuka, ta ce tun da ta haife ta ba ta taɓa yin barcin ƙoshi ba.

Sai ya fita wajen mijin, wani masunci mai suna Ɗanladi, wanda ke zaune a gindin bishiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi, ya ƙi ko kallon ɗakin. Ina tsaye daga nesa ina jinsu. Dakta Bukar bai yi masa faɗa ba. Ya zauna a ƙasa kusa da shi ya ce, "Ɗanladi, kowane ɗan'adam a cikin uwarsa leɓensa a rabe yake farawa, daga baya ya haɗe. Ni da kai duk haka muka fara. Nata ne bai gama haɗewa ba. Akwai masu ɗinke shi a Kano, na ga waɗanda aka yi wa da idona."

Ɗanladi ya ce, "To me ya hana nata haɗewa, in ba abin da ake faɗa ba ne?"

"Ban sani ba tukuna," in ji Dakta Bukar. "Shi nake nema. Amma na ga irinta a gidan da babu kogi kusa, na ga irinta a gidan malamai da gidan attajirai. Kuma na duba kunnuwanta, irin naka ne sak. Je ka duba, in ƙarya nake yi ka dawo ka gaya mini."

Mutumin ya daɗe yana jujjuya zaren da ke hannunsa. Can ya tashi ya shiga ɗakin. Bai fito da wuri ba. Kafin mu bar ƙauyen, Dakta Bukar ya je ya gaida liman, suka yi magana su biyu. Bayan kwana uku aka raɗa wa yarinyar suna Aishatu, amma Ummi ya bi ta. Da ta yi ƙwari, shi ya rubuta takarda, ya sa Malam Audu ya kai su Kano aka ɗinke leɓen, daga baya aka sake komawa saboda gandar. Tana nan da ranta. Tana magana ta hanci kaɗan, kuma duk ƙauyen babu mai bakinta.

Ba duka ne suka ƙare haka ba, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Masu lanƙwasasshiyar ƙafa yakan ɗaure musu da filasta, yana canzawa mako mako, da yawa sun taka. Amma masu buɗaɗɗen gadon baya, mafi yawansu sun rasu a hannunmu ko a hanyar Kano. Abin da yakan yi shi ne ya koma gidan ya yi ta'aziyya. Sau da yawa mukan tarar babu tabarma a ƙofar gida, babu mai zaman makoki, kamar ba a yi rashi ba. Zai yi sallama, ya nemi uban, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ni kuma in shiga wajen uwar. Wata mata ta taɓa riƙe hannuna ta ce, "Ku kaɗai kuka ce mini Allah ya jiƙansa."

Wannan aiki bai jawo masa abokai ba. Wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne, ga zazzaɓi da gudawa da ƙyanda suna kwashe yara, shi yana bin waɗanda ba su da yawa kuma ba su cika rayuwa ba. Ya san gaskiyarsu, bai taɓa musu da su ba. Sa'o'insa da suka yi karatu tare sun koma manyan birane, sun yi suna. Shi yana nan, ba shi da wanda zai tattauna abin da ya gani da shi sai ni, ni kuwa ilimina bai kai nasa ba. Mujallun likitanci sukan iso masa bayan sun tsufa, wani abokinsa ne ke aiko masa in ya gama karantawa. Sau da yawa na wuce ofishinsa da la'asar, bayan kowa ya tashi, na gan shi shi kaɗai ya baje littattafansa a tebur, yana ɗora ɗigo a kan taswirar fadama da ya zana da hannunsa.

Akwai lokacin da wasu masu kishin manoma suka zo suka same shi. Sun ji yana tambayar mata game da feshi, suna so ya fito ya ce maganin ƙwarin da ake fesa wa shinkafa ne ke lalata 'ya'yan mutane. Da ya faɗa, da sunansa ya zaga ko'ina. Ya ce musu shi ma yana da wannan zargin, kuma yana gaya wa masu ciki su nisanci gonar da aka fesa, amma abin da ya tara bai isa ya tabbatar ba. Wasu kuma suka so ya ce auren zumunci ne kaɗai. Ya ce yana da hannu a wasu, amma ya ga da yawa da iyayensu ba su haɗa komai ba. Duka ɓangarorin suka tafi suna jin haushinsa. Na ce masa, "Dakta, ko kaɗan ba za ka ba su abin da za su riƙe ba?" Ya ce, "Sista, in na faɗi abin da ban tabbatar ba, na zama ɗaya da masu cewa 'yar ruwa ce. Bambancin kawai ni ina da farar riga."

Ya taɓa tattara abin da ya samu ya rubuta, ya aika wa wata mujalla a waje. Bayan watanni takardar ta dawo, suka ce aikin yana da kyau amma jariran ba su kai yawan da za a yanke hukunci a kansu ba. Ya karanta mini wasiƙar da kansa, ya ninke ta, ya ce, "Sun yi gaskiya." Washegari Asabar muka shiga kwalekwale kamar kullum.

Wata safiya a farkon shekarun casa'in ya shigo ɗakin awo da mujalla a hannu, yana tafiya da sauri, abin da ban saba gani ba. Ya ce in buɗe kabad ɗin magani. Ya sa hannu ya ɗauko gwangwanin 'yar ƙaramar ƙwayar nan rawaya, folik asid, wadda muke haɗa wa masu ciki da maganin ƙarin jini. Ya zuba guda ɗaya a tafin hannunsa ya ce masu bincike a wata ƙasa sun tabbatar cewa in mace tana shan ta tun kafin ta ɗauki ciki da makonnin farko, haɗarin haihuwar ɗa mai buɗaɗɗen baya ko buɗaɗɗen kai yana raguwa ƙwarai.

Na ce, "Ai muna ba su, Dakta."

"Muna ba su a wata na shida, na bakwai, ranar da suka fara zuwa awo. Gadon bayan yaro kuwa yana rufewa tun uwar ba ta san tana da ciki ba." Ya tsaya yana kallon ƙwayar. "Duk shekarun nan tana cikin kabad ɗin nan, Sista."

Na zaci zai ji zafin cewa wasu ne suka gano, ba shi ba. Ko alama ban gani ba. Ya ce ba ta maganin tsagewar leɓe duka, ba ta maganin sauran, aiki yana nan, amma ga ƙofa ɗaya ta buɗe. Daga nan tafiye-tafiyenmu suka canza. Muka koma wajen tsofaffin unguwarzoman nan muna roƙonsu su gaya wa amare da masu shirin yaye su zo su karɓa tun kafin ciki, su kuma yawaita cin ganye da wake. Wasu sun zo. Da yawa sun ce lafiyarsu ƙalau, don me za su sha magani? Wasu mazan suka yi zargin maganin hana haihuwa ne. Wani lokacin ma ƙwayar takan yanke mana. Ban san jarirai nawa wannan ya tsare ba, shi ma bai sani ba, domin wanda aka haifa lafiya ba a kawo mana shi mu rubuta.

Ciwon suga ya ci ƙarfinsa a 'yan shekarun nan, idanunsa suka raunana, ya ajiye aiki. Zuwana na ƙarshe na same shi a zaure a kan tabarma, babu kowa tare da shi. Ya gane muryata kafin ya gane fuskata. Bai tambaye ni labarin asibiti ba, sai ya ce, "An kawo wani?" Na ce an kawo mai lanƙwasasshiyar ƙafa makon jiya. Ya ce, "Hagu ko dama? Kin rubuta?" Na ce na rubuta. Ya ce to madalla.

Ranar da ya rasu, da la'asar bayan an dawo daga maƙabarta, na shiga gidan ta'aziyya. Matarsa, Hajiya Falmata, tana zaune a tsakiyar mata da carbi a hannu. Mun san juna, amma gaisuwa ce kawai ke haɗa mu, mace ce mai kawaici. Da na durƙusa na yi mata gaisuwa, sai ta riƙe hannuna ta ce in biyo ta ɗaki. Ta tura ƙofa, muka zauna a bakin gado.

"Sista, ya taɓa gaya miki labarin ɗanmu na fari?"

Na ce ni 'ya'yansu mata uku na sani.

"Akwai namiji kafin su. Lokacin yana karatu a birni, ni ina can wajen danginsa a bakin tafki. Na haifi yaron da ƙulli a baya. Kwanansa shida. Aka ce na yi wanka a tafki da almuru. Kuma na yi, Sista, zafi ya dame ni, na yi. Kafin saƙo ya kai masa ya iso, an binne yaron, ba suna, ba zaman makoki. Bai gan shi ba. Ya ce mini ba laifina ba ne. Na ce masa, in ba laifina ba ne, to mene ne? Ya rasa amsa. Ban ƙara tada maganar ba, shi ma haka. Amma ko da na haifi sauran, ban daina jin ni na kashe shi ba."

Ta goge ido da bakin mayafinta.

"Wata rana ya dawo daga aiki da rana tsaka, ina tsince shinkafa. Ya durƙusa a gabana, ya buɗe hannuna ya sa mini wata 'yar ƙwaya rawaya. Ya ce, ‘Falmata, kin yi mini tambaya shekara ashirin da wani abu. Ban ce da kin sha wannan lallai da ya rayu ba, Allah ne masani. Amma abu ne da jiki ke buƙata, kuma a lokacin babu wanda ya sani, har malaman da suka koyar da ni. Ba wanka ba ne.’ Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Sannan ya tambaye ni ko na taɓa kiran yaron da wani suna. Na ce Modu. Tun daga ranar, in ya idar da salla, sai in ji yana ambatonsa."

Muna zaune, ni da ita, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce baƙi sun zo daga Guri. Shekara goma sha wani abu na yi ina bin mutumin nan cikin ruwa da taɓo, ban taɓa tambayarsa abin da ya sa yake yi ba, shi kuma bai taɓa faɗa ba.

Ya Allah, kai ka halicci kowane ɗa a cikin uwarsa, ka san wanda ka cika da wanda ka rage, kuma duka naka ne. Ga bawanka Bukar ya komo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Ka saka masa da alheri a kan kowace uwa da ya share wa hawaye, da kowane gida da ya shiga ya yi addu'a lokacin da babu wanda ya shiga. Ka sada shi da ɗansa Modu, wanda bai samu gani ba a duniya. Ka ba Hajiya Falmata haƙuri da juriya, ka zame mata abokin zama a gidan da ya yi mata faɗi. Ka raya 'ya'yansa da jikokinsa, ka ba su zuriya mai lafiya. Matan fadama da ke ɗauke da ciki a yau, ka sauke su lafiya, wadda kuma ka jarrabta, ka haɗa ta da mai tausaya mata. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da kyau. Amin.